Yadda za ka gane wuraren da ƙafarka ta saba zuwa, ka tsara fita, ka rage kuɗin abin hawa

Tambayi magidanci a Birnin Kebbi nawa abin hawa ke ci masa a wata. Zai ɗauki kuɗin zuwa aiki da dawowa na rana ɗaya, ya ninka sau ashirin da wani abu, ya ba ka amsa. Ya manta da Juma'a, ya manta da ranar da ya kai iyali awo, da sunan da aka yi a Ambursa, da sau ukun da ya fita neman mai POS. Wani kuma zai ce maka shi ba ya da tsari, kullum inda Allah ya nufa nan yake zuwa. In aka rubuta fitarsa ta wata guda, sai a tarar wurare bakwai ko takwas ne yake ta zagayawa kamar jakin da ya san hanyar rijiya.

Masu nazarin sufuri sun daɗe da gano wannan. A 1971 an sa mutanen garin Upsala na ƙasar Suwidin su rubuta duk fitar da suka yi har kwana 35, a 1999 kuma aka yi irinsa na mako shida a garuruwan Karlsruhe da Halle na Jamus. Abin da ya fito shi ne wuraren da mutum ke zuwa kaɗan ne, yana ta maimaita su, amma babu wata rana guda da za a ɗauka a ce ita ce hoton sauran ranakunsa. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2010, wanda ya bi sawun wayoyin mutum 50,000 na wata uku, ya nuna ana iya hasashen inda mutum zai kasance har kusan kashi 93 cikin 100. To in baƙo mai na'ura zai iya sanin inda za ka, kai ma kana iya sani da biro da takarda, kuma kai ne za ka ci moriyar sanin.

Rubutawa

Sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare. Kowace rana shafinta daban. Ja layuka daga sama zuwa ƙasa, ka raba shafin gida bakwai: lokacin fita, daga ina, zuwa ina, me ya kai ka, abin da ka hau, kuɗin da ka biya, da tsawon jiran da ka yi kafin a tashi. In ba ka damu da duba agogo ba, lokutan salla sun isa ma'auni: bayan asuba, hantsi, kafin azahar, bayan la'asar, magariba, bayan isha'i.

Mafi ƙarancin kwanakin rubutu 14 ne, don ka samu Juma'a biyu da ranar kasuwa biyu. Wanda ya fi shi ne mako biyar. Ka fara wajen 20 ga wata. Dalili kuwa, fitar mutum a lokacin da aljihu ya bushe daban take da fitarsa a makon da albashi ya shigo, ko makon da masu albashi suka biya shi bashi. In ka fara 1 ga wata ka tsaya 14, rabin labarin kawai ka kama. Kada ka fara a watan azumi, ko makon Salla, ko lokacin hutun makaranta, sai dai in lissafin wannan lokacin kake so.

Duk tsayawa tafiya ce. In ka bar gida ka tsaya gidan mai, ka wuce ofis, layi biyu ke nan. Komawa gida ma tafiya ce, kuma ita aka fi mantawa. Tafiyar ƙasa da ta wuce minti goma a rubuta ta. Aiken yara ma a rubuta, da fitar uwargida, domin aljihu ɗaya ake taɓawa. A gidaje da yawa kuɗin kai niƙa da na zuwa barka da na Islamiyya, in aka tara su, suna gogayya da kuɗin zuwa aikin maigida, amma da yake ɗari biyu-biyu suke fita ba wanda ke jin zafinsu.

Ga yadda shafi ɗaya zai iya kasancewa, na wani ma'aikaci da ke zaune Badariya yana aiki Gwadangaji. Bakwai da kwata, gida zuwa makarantar yara, ƙasa. Bakwai da rabi, makaranta zuwa ofis, keke napep, jira minti goma sha biyu. Sha ɗaya, ofis zuwa banki, kabu-kabu, na'ura ba kuɗi. Banki zuwa wurin mai POS, ƙasa. Komawa ofis, kabu-kabu. Bayan la'asar, ofis zuwa gida. Kafin magariba, gida zuwa kasuwa, "an manta da manja". Kasuwa zuwa gida. Layi takwas a ranar da shi zai rantse maka aiki kawai ya je ya dawo.

Mai mashin ko mota nasa lissafin ya ɗan bambanta. Ya cika tanki ranar farko, ya rubuta lambar da ke kan mitar kilomita, duk man da ya ƙara ya rubuta lita nawa, ranar ƙarshe ya sake cikawa. Jimlar litocin da ya zuba bayan cikawar farko, har da ta ƙarshe, ita ce abin da ya sha. In mitar ta mutu, kamar yadda take a yawancin mashinan da suka kwana biyu, litocin kaɗai sun isa. A rubuta lita, kada a rubuta "na dubu biyu", domin farashi na motsi, kuma kwalbar 'yan bumburutu ba kullum take cika lita ba. Faci, baƙin mai da gyaran birki su shiga shafin ƙarshe na littafin.

Abu uku ke ɓata wannan aiki. Na farko, barin rubutu sai dare: gajerun tafiye-tafiye su ne ke sulalewa daga ƙwaƙwalwa, su ne kuma ake nema. Rubuta da zarar ka sauka, ko ka tura wa kanka saƙo a waya. Na biyu, mutum ya fara gyara halinsa don ya san ana rubutawa. Makon farko ka yi yadda ka saba, har da fitar banza. Na uku, rubuta "kasuwa" kawai. Wace kasuwa, kuma me aka sayo? Tsohuwar Kasuwa don tumatir da Babbar Kasuwa don atamfa ba su zama abu ɗaya ba.

Karanta abin da ka rubuta

Bayan kwanakin sun cika, ka samu wuri ka zauna da biro kala uku, ko ka yi alama iri uku.

Alama ta farko ta tafiyar da ke da turke ce, wato wuri da lokaci duk ba a hannunka suke ba: aiki, makarantar yara, sallar Juma'a, ranar awo ko rigakafi a asibiti, ranar cin kasuwar da kake kai kaya. Ta biyu ta wadda dole ce amma kai ke zaɓen yaushe ko ina: cefane, niƙa, aski, cire kuɗi, shan mai, ɗuro gas, gaishe da iyaye. Ta uku ta ba-zata: rasuwa, ciwon dare, baƙo ya sauka tasha, taya ta fashe.

Daga nan ka jera sunayen wuraren a shafi ɗaya, kowane zuwa ka ja masa sanda. Abin da aka saba gani, wurare uku ko huɗu ke kwashe mafi yawan sandunan, sauran su samu ɗaya-ɗaya ko biyu-biyu. Sannan ka tara kuɗin kowace rana ta mako daban: duk Litinin wuri ɗaya, duk Juma'a wuri ɗaya. A nan ne za ka ga cewa canjin da kake ɗauka na kara-zube ne shi ma yana da tsarinsa. Asabar da Lahadi sun fi cin kuɗi don a cikinsu ake ɗaura aure. Juma'a ana tashi aiki da wuri amma fita ta fi yawa. Makon albashi yana da fitar biyan bashi da sayen abinci na wata.

Ba-zata ita mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta. Gaskiya ne ba ka san wa zai rasu ko yaron wa zai yi zazzaɓi ba. Amma in a mako biyar ka yi irin wannan fita sau shida, to ka san gidanka na da kusan guda ɗaya kowane mako. Tara abin da suka ci, raba biyar, ka riƙa ware wannan adadin duk mako a wuri daban. Ka tuna kuma rasuwa ɗaya ba fita ɗaya ba ce: akwai jana'iza, akwai zaman makoki, akwai kai mata gaisuwa. Haihuwa ma haka, barka yau, suna bayan kwana bakwai.

Wurin da za ka samu ragi shi ne rukuni na biyu. Na farko ba ya motsi, na uku ba ya shawara.

Rataya ƙananan buƙatu a jikin turke

Dabarar ita ce kowace tafiya ta rukuni na biyu ka nema mata turken da za ta bi. Cefanen da ake fita musamman dominsa da yamma ya koma kan hanyar dawowa daga aiki. Niƙa a ajiye ta lokacin kai yara makaranta, a ɗauko lokacin ɗauko su. Gaishe da tsohuwa ya bi bayan Juma'a in masallacin na kusa da unguwarsu.

Amma akwai wani tarko da ake yawan faɗawa. Haɗa tafiya yana rage kuɗi ne kai tsaye ga mai abin hawan kansa. Ga mai hawan haya, kowace sauka sabon ciniki ce. A ce daga ofis zuwa gida ɗari biyar ne. In ka sauka kasuwa a tsakiya, za ka biya ɗari uku zuwa kasuwar, ɗari uku ko huɗu daga kasuwar zuwa gida saboda kaya. Ka kashe ɗari shida ko bakwai maimakon ɗari biyar. Duk da haka ka ci riba in ka gwada da fita ta musamman daga gida, wadda za ta ci ɗari shida zuwa da dawowa a kan ɗari biyar ɗin farko. Inda lissafin ke juyewa shi ne in ka yi sauka uku ko huɗu a wuraren da ba a kan hanya ɗaya suke ba. Saboda haka mai hawan haya ya nemi wurin da sauka ɗaya za ta biya buƙata uku da ƙafa: mai nama, mai POS da kemis duk a layi ɗaya. In kuwa tsayawar ta minti biyu ce, kamar karɓo ɗinki, a yi cinikin jira tun kafin a hau. "Malam, zan tsaya wurin tela in karɓi kaya, nawa gaba ɗaya?" In ka bari sai an isa, kuɗin jiran shi zai yanka maka.

Jerin tsayawar ma yana da ƙa'ida. Abin da ake rufewa shi ne farko: banki, ofis, ɗakin gwajin jini. Abin da ake bari a dawo a ɗauka shi ke biye. Mai nauyi da mai lalacewa su ne ƙarshe. Wanda ya sayi ɗanyen kifi da hantsi a watan Afrilu, ya sa a leda, sannan ya shiga layin banki, ya san abin da zai tarar. Haka buhun shinkafa: da zarar ya hau mashin, duk wata tsayawa ta zama wahala.

Kada ka haɗa abu biyu da kowannensu ba a san lokacin gama shi ba. Ganin likita da zuwa karɓar takarda a ofis a safiya ɗaya, taura biyu ce. Ɗaya zai cinye lokacin ɗaya, ka sake fitowa gobe, kuɗin da kake gudu ka biya shi. Mai layi guda ɗaya a rana, sauran su zama na shiga-ka-fito.

Takarda a ƙofar ɗakin girki na kashe fitar "an manta da manja". Duk abin da ya kusa ƙarewa a rubuta, mai fita ya ɗauki hoto da waya.

Kusa ko nesa: ina za a saya?

Kowa ya san albasa ta fi araha a Aliero, kifi a Yauri ko Argungu, hatsi da sauran kayan gona a kasuwar Jega. Tambayar ita ce ko arahar ta kai ta biya hanya. Lissafin ba wuya: bambancin farashi a kan mudu ko buhu ɗaya, a ninka da yawan da za ka saya. Daga abin da ya fito ka cire kuɗin motarka zuwa da dawowa, kuɗin kaya, ɗan dako a can da nan, abincin da za ka ci a hanya, da abin da za ka samu a wunin da ka zauna wurin sana'arka. A ce ragin dubu huɗu ne a buhu, hanya da dako da abinci sun tashi dubu bakwai. Buhu ɗaya asara ce, biyu da kyar ka fita, daga uku riba ta fara. Wannan ya sa gidaje uku ko huɗu su haɗa kuɗi su tura mutum ɗaya ya fi kowa ya tafi da kansa. In kana da amintaccen mai kaya a can, ka tura kuɗi ya ba direban tasha saƙo, ka karɓi lambar direban da ta motar, ka biya kuɗin kaya kaɗai. Wannan na tafiya daidai ga abin da ba ya buƙatar zaɓe. Dabba, ko hatsin da za ka ajiye wata shida, zuwa da kai ya fi saƙo.

Abu biyu ke rikita wannan lissafi. Mudun wata kasuwa ba lallai ya zo daidai da na wata ba, haka cikar buhu. Tafi da mudunka, ko in ka dawo ka sake aunawa sau ɗaya don ka san gaskiyar bambancin. Sannan farashin da aka gaya maka na makon jiya ne. Kira wani da ke cikin kasuwar da safiyar ranar kafin ka hau mota.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafin biro. Mai shagon unguwa da ka saba da shi yana ba ka bashi ranar 25 ga wata, yana yi maka gyara, yana karɓar kaya in sun fito da matsala. Wannan ma kuɗi ne, kuma shi ya sa mutane ke manne wa wuri ɗaya ko da sun san akwai mai rahusa. Ba wauta ba ce. Sai dai sabo turken wawa: wanda ya shekara biyar bai taɓa taya kaya a wani wuri ba bai san ko ana ƙwarar sa ba. Sau ɗaya a wata, ka sayi abu ɗaya daga cikin manyan abubuwan da kake saye a wani wurin daban, ka rubuta farashi da inganci. In bambancin ƙarami ne ka zauna inda kake. In babba ne, ka fara gaya wa mutuminka kafin ka ƙaura, sau da yawa zai sauko.

Tasha da ranar kasuwa

Motar tasha ba ta da agogo, cika take jira. Saboda haka lokacin tafiyarka ya dogara ne ga tafiyar sauran mutane, kuma ita ma tana da tsari. Ranar da kasuwar wani gari ke ci, motoci masu shiga garin na cika nan da nan daga safe zuwa hantsi, masu fitowa kuma daga bayan azahar. Wanda ke son shiga da yamma ko fitowa da safe yana tafiya ne a kan kishiyar jama'a: zai daɗe a tasha, amma a bakin hanya zai iya samun motar da ke komawa ba kowa, da rahusa. In ziyara ce za ta kai ka wani ƙauye, ɗora ta a kan ranar kasuwarsu ko ta babban garin da ke kusa. A wasu ƙauyukan ranar ce kawai mota ke shiga, sauran ranaku sai mashin, da tsadarsa.

In ka shiga tasha ɗan kamasho ya tare ka da "Saura mutum guda, Alhaji, shigo mu tafi," kada ka dubi kawunan da ke cikin motar, dubi but. Mutum biyar a zaune, but ba kaya, direba ba ya kusa, gilashin gaba an rufe shi da kwali saboda rana: wannan motar ba yanzu za ta tashi ba, kuma wataƙila biyu daga cikin na zaunen 'yan tasha ne da za su sauka da zarar fasinjan gaske ya zo. Motar da ta kusa tashi an ɗaure kayanta, ana karɓar kuɗi, masu tallan ruwa da ƙuli sun taru a tagoginta. Tambayi wata dattijuwa a ciki, "Inna, tun yaushe kuke nan?" Amsarta ta fi ta ɗan kamasho.

In da gaske saura kujera ɗaya kuma an shafe rabin sa'a ba wanda ya zo, raba kuɗin kujerar tsakanin fasinjoji ya fi zama. Mutum shida su raba kuɗin mutum ɗaya ba wani abu ba ne in aka gwada da rasa ganin likita ko isa kasuwa bayan dillalai sun kwashe kaya. Layin "jira" da ka cike a littafinka shi zai gaya maka wace sa'a ce tasharku ta fi saurin lodi. Sau da yawa fita minti talatin da wuri na rage jiran sa'a guda.

Hawan bakin hanya ya fi araha don direba bai biya kuɗin tasha ba, amma ba wanda ya san motar da ka shiga. In za ka yi, ka yi da rana, a hanyar da ka sani, ba da kuɗi masu yawa a jiki ba.

Abin da ke rusa tsari

Tsarin da ka gina da rani ba zai kai ka ƙarshen damina ba. Daga Yuli zuwa Satumba hanyoyin burji na yankewa, fadamar gulbi na cika, mashigin da mashin ke ratsawa ya koma na kwale-kwale. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar Kebbi, ta kuma yanke hanyoyi da gadoji, garuruwan da ke kusa da juna suka koma sai an yi dogon zagaye. Don haka kowane turke da ke wajen gari ka san masa hanya ta biyu tun kafin ruwa ya sauka: ta ina take, nawa take ci, minti nawa take ƙarawa. Ka bi ta sau ɗaya da rani don kada ranar dole ta zama ranar koyo. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Masu tsallaka ruwa a yankin Yauri da Ngaski su fi kowa kiyayewa da ranar kasuwa, domin ranar ce ake cika jirgi fiye da kima. Jirgin da ya nutse kusa da Wara ranar 26 ga Mayu 2021 yana ɗauke da mutum sama da 150, kaɗan ne suka tsira. In ka ga an ɗora mashina da buhuna har bakin jirgin ya kusa shan ruwa, jira na gaba. Kada ka hau bayan magariba, kuma in akwai rigar kariya ka sa ta ka ɗaure igiyarta.

Hunturu na kawo hazo da ke rage gani da sassafe, bazara na sa a guji fitar tsakar rana. Da kaka da lokacin girbin shinkafar rani motoci sun fi son kaya a kan mutum, kuɗin buhu na tashi. Azumi na juya yini gaba ɗaya: safiya shiru, cunkoso daga la'asar zuwa shan ruwa, kasuwa ta koma ta dare a goman ƙarshe.

Akwai kuma canjin da ke zuwa daga sama. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, farashin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, duk wani lissafin "nesa ta fi araha" ya rushe. Masu harka ta Kamba, garin da ke bakin iyakar Najeriya da Nijar, sun ga nasu: an rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ta Kamba ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022, aka sake rufe iyaka da Nijar a Agustan 2023 bayan juyin mulkin can, har zuwa Maris 2024. Duk lokacin da irin wannan ya faru, ko ka sauya gida, ko yaro ya sauya makaranta, tsohon littafi ya tashi aiki. Sake rubutu na kwana 14.

Inda sabo ke zama haɗari

Abin da ya sa tsari ke rage maka kuɗi shi ne kuma ke sa mugu ya san inda zai same ka. Ɗan kasuwar da ke dawowa da cinikinsa kowane mako a rana ɗaya, sa'a ɗaya, hanya ɗaya, ya rubuta wa ɓarawo jadawali. Wannan ya fi shafar masu sayen dabbobi da hatsi, masu POS, da duk mai bin hanyoyin da ake fama da 'yan bindiga, kamar wasu sassan masarautar Zuru da bakin iyaka da Zamfara da Neja.

A nan sai ka raba abin da za ka kafe a kai da abin da za ka riƙa sauyawa. Ka kafe a kan tafiya da rana, motar tasha, direban da aka sani, kiran wani a garin da za ka kafin ka tashi, da sanar da mutum ɗaya a gida. Ka riƙa sauya sa'ar dawowa, ranar kai kuɗi banki, wurin da kake sauka, da mashin ɗin da ke kai ka ƙofar gida. Kuɗi masu yawa su bi ta waya. Littafin nan naka kuma ya zauna a gida, kada ya yi yawo a aljihu, kuma kada ka riƙa sanar da tafiyarka a Facebook ko a majalisa kafin ka yi ta.

Ga mai kabu-kabu da mai keke napep

Kai littafinka na fasinja ne. Raba yini gida shida bisa lokutan salla, kowane gida ka rubuta inda ka tsaya, mutum nawa ka ɗauka, nawa ka samu, da man da ka sha a yinin. Bayan mako biyu za ka ga inda kake yawo ba kowa. Yawon neman fasinja shi ke shan mai, tsayawa a wurin da ya dace a lokacin da ya dace ba ta shan komai. Safiyar ranakun aiki daga unguwanni ne zuwa makarantu da sakatariya. Hantsi na asibiti ne, irin su Sir Yahaya, da kasuwa. Ƙofar Kwalejin Waziri Umaru na da mutane lokacin karatu, ranar da aka yi hutu kuwa wanda bai duba kalanda ba zai wuni yana kallon ƙofa. Tasha na kawo fasinja mai kaya lokacin da motocin Sakkwato da Jega da Argungu ke sauke mutane.

In ka lura kana ɗaukar mutum ɗaya a wuri ɗaya sau uku a mako, yi masa tayin ciniki na mako ko na wata, musamman kai yara makaranta. Ka rage masa kaɗan, kai kuma ka samu kuɗin da ka tabbatar. Kada ka karɓi irin wannan alkawari fiye da biyu a sa'a ɗaya, kuma ka samu abokin sana'a guda da zai tsaya maka ranar da mashin ya kwana wurin bakanike. A yi magana tun farko a kan ranakun hutu da ranar da yaro bai je ba: ana cirewa ko ba a cirewa? Yawancin rigimar ƙarshen wata daga nan take tasowa, don haka a rubuta amsar a bangon littafin, kowa ya gani.